Na ci bashi ban biya ba, yanzu banki ya ce sunana ya ɓaci. Ta ina zan fara?

Tela_Fagge
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A yi haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo. Ni tela ne, shekarata 14 ina ɗinki, kekuna 3 gare ni da yara 2 a shago. A 2020 na karɓi bashin korona, naira 250,000. Tsakani da Allah ban ɗauke shi bashi ba a lokacin, don kowa a layinmu cewa yake kuɗin gwamnati ne, rabonka ne ya tsaga. A 2022 kuma maiɗakina ta zo haihuwa aka yi mata aiki, na ci bashin manhajojin waya guda biyu, ɗaya 30,000 ɗaya 45,000. Na farkon na biya rabi, na biyun ko sisi. Da kira ya ishe ni sai na zare layin na jefa a durowar keke, yana nan har yau cikin allurai da tsofaffin maɓallai.

Watan jiya na je wani bankin Musulunci don su saya mini injin monogiram in riƙa biya a hankali, saboda duk aikin wuya waje nake kaiwa, ribar can take tafiya. Na cike takardu, na kawo mutum biyu suka tsaya mini, aka zo shago har da ɗaukar hoto. Bayan kwana 10 yaron da ke riƙe da fayil ɗina ya ja ni gefe ya juyo mini da kwamfutarsa. Ga sunana, ga BVN ɗina, wato lambar shaidata ta banki, ga basussukan nan a jere. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, da wannan ba inda takardarka za ta je." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ɗan cikina yana ba ni haƙuri.

Tambayata: idan na biya, sunan zai goge? Wata nawa ko shekara nawa? Sannan akwai wani da ya ce in ba shi 20,000 yana da mutum a ciki da zai goge mini komai. In ba shi?

Baban_Khairat
Wa alaikumus salam. Kada ka ba shi ko ƙwandala. Ni na ba irinsa 15,000 bara, ya turo mini hoton wata takarda mai tambari, washegari lambarsa ta daina shiga. Da na koma banki sunan yana nan daram inda na bar shi.

DanKwari_Atamfa
Hhhh Malam Tela, layin waya ka jefa a durowa, BVN ɗin fa? Ai shi ba ya shiga durowa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Maman_Ihsan
Haba Alhaji, bawan Allah ya zo da damuwarsa kai kuma kana dariya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Malam Tela Allah ya rufa asiri, ya kawo hanyar biya.

DanKwari_Atamfa
Tuba nake Hajiya. Ni ma ai na taɓa karyewa, zan ba da labarin in na rufe shago.

Akawu_Zariya
Malam Tela, na yi shekara 9 a sashen ba da rance na wani ƙaramin banki, bari in gaya maka abin da yaron nan ya nuna maka. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara bayanan masu cin bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna manya da ƙanana da yawancin manhajojin nan masu rajista suna tura musu labarin duk wanda suka ba rance: nawa ya karɓa, nawa ya biya, kwana nawa ya yi bai biya ba. Kafin banki ya ba ka wani sabo, ƙa'ida ce ya duba aƙalla biyu daga cikin ukun. Bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba, a wurinmu ya shiga sahun waɗanda suka lalace. Naka kuwa shekaru yake ƙirgawa ba kwanaki ba. Kuma tun da aka fito da BVN a 2014 canza layi ko canza banki ba ya ɓatar da sawu.

Amsar tambayarka kai tsaye: biya ba ya goge tarihin. Abin da yake yi shi ne ya mai da shi daga "ana binsa" zuwa "ya biya, amma a makare". Kada ka raina wannan bambancin. Ni da idona na sha ganin an ba mai irin wannan tarihin rance, amma wanda har yanzu ake binsa, ko kwamiti ba a kai takardarsa.

Inda za ka fara: dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Shiga shafinsu na intanet ka nema, ko ka sa wani yaro mai amana ya taya ka. Ka nemi na duka ukun, don wani mai ba da rancen wuri ɗaya kawai yake kai rahoto. Kada ka biya kowa komai sai ka ga abin da aka rubuta a kanka da idonka.

Injiniya_Sabo
@Akawu_Zariya na ji an ce bayan shekara 6 komai yana gogewa da kansa. In haka ne ai bashin 2020 a 2026 wa'adinsa yake cika. Ya bar shi ya faɗi da kansa mana, me zai sa ya zubar da 250,000?

Akawu_Zariya
Injiniya, wannan lissafin shi ya kai mutane da yawa ya baro. Dokar cewa ta yi kada a riƙe bayanin ƙasa da shekara 6, ba cewa ta yi a share shi ranar da ya cika 6 ba. Bayan nan ma ajiye shi ake yi a ma'ajiya na wasu shekaru 10. Kuma ba daga ranar da ka karɓi kuɗin ake fara ƙirge ba. Muddin bashin a buɗe yake, mai binka yana ta sabunta shi a can. Ko da ma takarda ta tsufa, bashin bai tsufa ba.

Yaro_Mai_POS
Ni shawarata mai sauƙi ce. Tunda sun toshe maka BVN, je wani gari ka buɗe sabo. Ko ka karɓa da sunan uwargida, ita ai nata fes yake.

Malama_Rabi
Ikon Allah. Wato ya gama ɓata nasa yanzu saura na matar? Ƙanena ka ji tsoron Allah. Mata nawa ne a unguwanni aka karɓi bashi da sunansu, miji ya sa ƙafa ya tafi, su ake ta kira?

Akawu_Zariya
@Yaro_Mai_POS ba wanda ya toshe masa BVN. Asusunsa yana aiki, yana karɓar kuɗi yana turawa. Akwai wani jerin daban na masu BVN da aka kama da zamba, wannan ba na masu bashi ba ne. Amma BVN da zanen yatsu ake yinsa, mutum ɗaya lamba ɗaya. Ranar da ya je yin na biyu da wani suna, ranar ce zai sa kansa cikin wancan jerin da hannunsa.

Yaro_Mai_POS
To ni dai shawara na bayar, ba dole.

Hajiya_Turare
Malam Tela ka ma gode Allah ba a taɓa maka asusu ba tukuna. Ni bashin koronar nan na karɓi 180,000 na sayo kayan humra da turaren wuta, na shashantar da biya. Ranar nan wata amarya ta turo mini 120,000 na kayan gyaran jiki da turarukan ɗaki, a wani banki daban fa, ba wanda na karɓi bashin ta cikinsa ba. Da asuba na duba waya na ga an zare 86,000. Na ɗauka 'yan damfara ne, na tafi banki ko karyawa ban yi ba, ina faɗa ina kumfar baki. Ma'aikaciyar bankin ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Mama, bashinki ne aka cira." Sai da na sayar da ɗankunnena na haɗa kayan amaryar mutane, biki saura kwana 9.

Akawu_Zariya
Wannan shi ake kira GSI, Hajiya. Ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020. Cikin takardun da mutum ke sa wa hannu ko ya latsa "na amince" a waya ba tare da ya karanta ba, akwai izinin cewa idan ya ƙi biya a bi BVN ɗinsa a ɗebo daga duk asusun da yake da shi a kowane banki. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake cira ta wannan hanyar, ban da tarar makara. Malam Tela, ga sallah na tahowa mutane za su fara turo maka kuɗin ɗinki da na yadi, ka yi tunanin wannan.

Matashin_Arewa01
Ni wallahi abin nan haushi yake ba ni. Naira biliyan 50 Babban Banki ya ware a 2020 aka ce tallafi ne ga talaka lokacin kulle. Yanzu an dawo ana bin tela da mai turare. Manyan da suka ci biliyoyi suka ƙi biya har sai da aka kafa AMCON a 2010 don ta kwashe basussukansu daga wuyan bankuna, su wa ya hana su shiga jirgi? Talaka ne kawai sunansa ke ɓaci.

Malam_Na_Zaure
Ɗana, ɓacin ranka a kan hanya yake, amma zaluncin wani ba ya sauke maka naka nauyin. Kuma ba kyauta aka ce ba, rance aka rubuta a takardar, mu ne muka ji abin da muke son ji. Malam Tela, ni ba sunanka na banki ne ya fi damuna ba. An taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) gawa don ya sallace ta, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce akwai 'yan dinarai. Ya ce ku sallaci mutuminku, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya yi masa salla. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma umarninta shi ne a rubuta. Kafinta kaɗan, aya ta 280 ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. To ka ga hanya biyu ce: mai bi ya sassauta, wanda ake bi kuma kada ya ɓuya. Zare layin nan shi ne kuskuren, ba rashin kuɗin ba.

Ummu_Sudais
Allah ya gafarta Malam, to ruwan da suka ɗora fa? In ya biya ruwan ai ya ci gaba da taimaka wa riba ke nan. Ni a ganina uwar kuɗin kawai zai mayar.

Malam_Na_Zaure
Malama, uwar kuɗi babu tantama sai ya biya. Ruwan kuwa ya je ya roƙi a sauke masa iya ƙoƙarinsa, ya yi tuba a kan shigarsa tun farko. Abin da suka ƙi saukewa kuma ba shi da yadda zai fita sai da shi, wannan ya zauna da malamin da ya san halinsa gaba da gaba, ba fatawar zaure ba ce.

Akawu_Zariya
Kuma roƙon yana aiki, kada a ɗauka wasa ne. Bashin da suka fid da rai da shi, in mutum ya zo da ƙafarsa da kuɗi a hannu, sau da yawa ana yafe tara, wani lokacin har da wani abu daga ruwan. Amma @Ummu_Sudais, in ya yanke wa kansa hukunci ya tura uwar kuɗi kawai ba tare da yarjejeniya ba, a kwamfuta ragowar tana nan a matsayin bashin da ake binsa.

Manomin_Argungu
Salamu alaikum. Maganar "a rubuta" da Malam ya yi ita ta sa na tanka. Mu nan Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers, Shugaba Buhari da kansa ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Ni na shiga daga baya, aka ba mu iri da taki da magani da injin ban ruwa, sharaɗin shi ne ka biya da shinkafa in ka girbe. Shekarar farko na kai buhu 18 na shanshera wurin shugaban ƙungiyarmu, a gaban mutane aka auna aka loda a mota. Ban karɓi ko guntun takarda ba, don mutumin tare muke sallar asuba. A 2020 ambaliya ta cinye gonar, wannan kowa ya sani, shi na yarda ana bina. Amma da ɗana ya duba mini sunana, har na shekarar da na biya yana nan wai ban biya ba. Shugaban ya rasu. Wa zan kama?

Maman_Ihsan
Innalillahi. Baba wannan kam akwai ciwo.

Malama_Rabi
Baba, waɗanda aka auna a gabansu in suna raye ka nemi su sa maka hannu a takarda, ka haɗa da littafin ƙungiya in akwai, ka kai ƙorafi a rubuce bankin da kuɗin ya biyo ta cikinsa. Ban ce lallai za a dace ba, amma ya fi zama.

Malam Tela, ga nawa labarin don ka san biya rabin aikin ne. Ni malamar firamare ce. Na ci bashin albashi a wani ƙaramin banki, aka yi wata 4 albashi bai shigo ba, bashin ya taru. Da abubuwa suka daidaita na je na biya tas, na dawo gida na yi sujudar godiya. Bayan wata 8 na nemi wani rancen zan biya wa ɗiyata kuɗin makarantar koyon jinya, aka ce ana bina. Ashe sun karɓi kuɗina amma ba wanda ya gyara bayanin a can. Allah ya taimake ni ina da wata tsohuwar jakar hannu da nake zuba rasit a ciki, har na kuɗin wuta. Na zazzage ta a tsakar ɗaki na samo shi, tawadar ta fara dushewa. Na koma bankin na ce a ba ni takardar shaidar ba a bina bashi, a kan takardarsu mai kan suna, da sa hannu da hatimi. Sau 3 na je, kullum manaja ba ya nan. Rana ta huɗu na tafi da tabarmar salla da ruwana a gora na ce yau a nan zan wuni. Kafin la'asar takarda ta fito. Na ɗauki hotonta na tura wa kamfanin da ke riƙe da rahoton tare da ƙorafi, suka tuntuɓi bankin, aka gyara.

Saboda haka duk wanda ka biya, kada ka bar wurin sai da wannan takardar. In an yi maka rangwame, a rubuta cewa abin da ka biya ya rufe bashin gaba ɗaya. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake duba rahoton. In banki ya yi kunnen uwar shegu da ƙorafinka, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa, amma sai ka nuna ka fara kai wa bankin kuka tukuna.

Baban_Khairat
Malama Rabi tabarmar nan ta burge ni wallahi. Zan ara.

Abba_Kofar_Mata
Ni manhajojin nan ne ban ga dalilin biyansu ba. Wata ta tura wa duk lambobin wayata saƙo wai ni ɓarawo ne ana nemana, har surukina ya gani, a kan 12,000. Mutuncin da suka zubar mini wa zai biya ni?

Injiniya_Sabo
Wannan ɗabi'ar ita ta sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta taso musu a 2022, ta ce kowace sai ta yi rajista, kuma tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su. Google ma daga ƙarshen Mayu 2023 ya hana manhajojin bashi shiga lambobin waya da hotunan mutane. Abba, cin mutuncin ka kai ƙararsa can, hakkinka ne. Amma shi daban, 12,000 ɗin daban. Malam Tela kai kuma ka kula, tun 2022 wasu manhajojin sun canza suna, wasu an sauke su. Sunan kamfanin da ka gani a rahoto shi za ka nema, kuma asusun kamfani za ka tura wa. Duk wanda ya kira ka ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum, kashe wayarka.

Uwar_Adashe
Ni fa duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Malam Tela ka shigo adashe. Muna da na 5,000 kullum, mutum 30, ɗauka duk wata. Ba mai tambayarka BVN, ba ruwa, ba hoto. Mu fuska muke dubawa.

Ummu_Sudais
Anti har da talla? Hhh. Uwar adashenmu ta bara da fuskar muka duba, yanzu ko unguwar ba ta nan.

Uwar_Adashe
Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba 'yar nan. Shekarata 11 ina riƙe da adashe.

DanKwari_Atamfa
Na rufe shago, ga labarin da na yi alkawari. A 2016 da dala ta tashi na karye, ubangidana yana bina kuɗin dila 6. Wata 7 ina zagaye layinsa, in na hango motarsa sai in shige masallaci. Ƙarshe wani dattijo a kasuwa ya riƙe hannuna ya kai ni. Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya ce kawai, "Da ka zo tun ranar farko da yanzu ka gama biya." Muka yanka abin da zan riƙa kawowa duk Juma'a. Shekara ɗaya da rabi na yi ina kaiwa. Ranar da na cika na ɗauka za a buɗe mini sito kamar da. Ina! Turmi 10 ya ba ni, ni da nake ɗaukar dila-dila. Ya ce sati biyu. Na kawo kuɗin a kwana 9. Ya ba ni 20. A haka a haka sai da na shekara kafin na sake ganin dila a shagona. Ba ya mantawa fa, har yau in zai gabatar da ni cewa yake wannan ya taɓa faɗuwa ya tashi. Amma da wannan maganar ma wasu suke ba ni kaya.

Akawu_Zariya
Alhaji ka gama bayanin da nake shirin yi. Banki ma haka yake, sai dai shi ba dattijon da zai riƙe maka hannu, takarda ce dattijon. Bayan Malam Tela ya rufe tsofaffin, yana buƙatar turmi 10 ɗinsa: wani ɗan ƙaramin abu da zai ɗauka a wurin da suke kai rahoto, ya biya kafin ranar. Tunda ba ya son ruwa, ya nemi murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa ya riƙa biya a hankali, ta ƙaramin abu, ko keken ɗinki ɗaya ko ƙaramar sola ta shago, ba injin miliyoyi ba. CRC suna ba da maki daga 300 zuwa 850, kuma abin da ya fi ɗaga shi biya a kan lokaci wata bayan wata. Adashen Anti yana tara kuɗi, wannan gaskiya ne, amma ko shekara 20 ka yi kana zubi ba ranar da zai bayyana a rahoton.

Abu biyu kuma. Kuɗin ɗinki ya riƙa bi ta asusu, don mai duba takarda ya ga shagon yana numfashi. Sannan kada zafin an hana shi ya sa ya bi bankuna 5 yana cike fom, duk wanda ya duba sunanka ana rubutawa, na gaba yana gani ya ce wannan a matse yake.

BaMaradi
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan Nijar akwai irin wannan, Creditinfo ke tattara bayanan a ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankinmu na BCEAO. Amma gaskiya mu 'yan kasuwar Maraɗi labarin Alhaji na Kwari ya fi kama da rayuwarmu. In sunanka ya ɓaci a Kano, kafin ka iso Jibiya labari ya riga ka tsallaka iyaka.

Matashin_Arewa01
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar manyan nan.

Tela_Fagge
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwana 5 ban leƙo ba, ina bin abin da kuka ce. Mutumin 20,000 na ce masa na fasa, har ya rage zuwa 8,000, a nan na ƙara gane ko wane ne. Ɗan yayata ya taya ni muka samo rahoto daga wuri biyu, na ukun muna jira. Ba uku na gani ba, huɗu ne. Na huɗun wani yarona ne da na yaye a 2021, na tsaya masa ya karɓi 100,000 a wani ƙaramin banki zai sayi keke. Na manta ma na sa hannu. Ashe ya daina biya saura 38,000, ga sunana a matsayin wanda ya tsaya masa. Jiya na je shagonsa a Kurna, ya ganni ya rasa inda zai sa kansa, ni ma na rasa bakin yi masa faɗa, don da wane bakin?

Na ciro layin nan daga durowa, ya riga ya mutu, an ce ma an sayar wa wani. Allah ya yafe mini, ko wane bawan Allah ne yake shan kira a madadina. Manhajar 45,000 yanzu 118,000 suka rubuta. Na kira lambar kamfanin, wata ta ce in zan biya cikin sati biyu za su karɓi 60,000. Na ce a turo mini a rubuce, ina jira. Abin da ke hannuna yanzu 95,000 ne. In rufe ƙananan biyu, ko in kai shi duka wurin na korona don kada a taɓa mini kuɗin mutane da sallah?

Malama_Rabi
Rufe ƙananan. Layi biyu sun fita daga wuyanka, ka samu takardu biyu a hannu, zuciyarka ma ta ɗan sarara.

Hajiya_Turare
A'a Malama, ni da abin ya faru da ni nake magana. Ya fara zuwa wurin na korona ko 40,000 ne ya ajiye, a tsara masa biya wata-wata a rubuce. Kuɗin yadin mutane in aka zare, sunansa na unguwa ne zai tafi, wanda ya fi na kwamfutar.

Akawu_Zariya
Duka biyun suna da hujja. Ni da zan raba: 60,000 ga manhajar in takardar rangwamen ta iso, ragowar ka tafi da shi wurin na korona a matsayin kafin alƙalami. In takardar ba ta iso ba, kada ka tura.

DanKwari_Atamfa
Yaron na Kurna fa kada ka biya masa. Ka kama hannunsa ka kai shi kamar yadda aka kai ni.

Uwar_Adashe
Malam Tela har yanzu akwai gurbi ɗaya a na 5,000 ɗin, in ka shiga zan ba ka ɗaukar farko.

Manomin_Argungu
@Malama_Rabi na samu mutum biyu daga cikin waɗanda aka auna shinkafar a gabansu, ɗaya ya yarda zai sa hannu, ɗayan ya ce shi ba ya shiga maganar mamaci. Mutum ɗaya zai isa, ko in nemi direban motar?